Kafin ka juya waƙa zuwa MP3: yadda nake loda memori ba tare da na kashe sauti ba

Sana'ata cajin waya da loda memori a wani ɗan shago a Kano. Masu zuwa wurina iri-iri ne: 'yan a-daidaita-sahu da ke son kiɗan da zai raka su wuni, direbobin doguwar hanya, dattawa masu ƙaramar rediyon nan mai cin memori da suke jin tafsiri da karatun Alƙur'ani a cikinta, sai mata masu haɗa waƙoƙin biki. Yawancin na'urorin da suke kawowa ba su san komai ba sai MP3, alhali abin da ke yawo a wayoyi yanzu wasu nau'o'in fayil ɗin sauti ne, wani m4a, wani opus, wani ma bidiyo ne ɗungurungum. Dole a juya. A wajen juyawar nan ne sauti yake mutuwa, kuma yawanci mai juyawar bai san shi ya kashe shi ba, sai ya ɗora wa rediyo laifi.

Abin da matsewa take yi wa sauti

Faifan CD yana ɗaukar sauti sau 44,100 a kowane sakan, a kunne biyu, abin da ya kai kilobit 1,411 a sakan. Minti ɗaya ya haura megabait 10, waƙar minti 5 ta haura megabait 50. Masana a cibiyar Fraunhofer da ke Erlangen a Jamus, tare da wasu abokan aikinsu, suka fito da hanyar rage wannan nauyi. Tsarin ya fito a 1993, aka raɗa wa fayil ɗin suna mp3 a 1995. Dabarar ita ce a zubar da abin da kunne ba zai lura da rashinsa ba. Idan aka buga ganga da ƙarfi, ƙaramin amon da ke kusa da ita a daidai wannan lokacin kunne ba ya kama shi, don haka injin matsewa sai ya ƙi ɓata masa wuri. Haka siririn sauti na can sama. Kunnen ɗan Adam yana ji daga haz 20 zuwa kusan 20,000 (haz shi ne ma'aunin kauri da sirantakar sauti, haz dubu kuma shi ne kilohaz ɗaya), kuma saman nan yana raguwa da shekaru, to nan ma ana yankewa. Da haka waƙar megabait 50 take komawa ƙasa da 5 idan an matse ta a kilobit 128.

Abin da aka zubar ya tafi har abada, babu manhajar da za ta dawo da shi. Nonon da aka kaɗe aka cire masa mai ya zama tsala, ko ka juye shi a babbar ƙwarya ba zai koma kindirmo ba. Wanda ya ɗauki waƙar 128 ya juya ta zuwa 320 abin da ya yi ke nan: fayil ya kumbura daga megabait 5 zuwa 12, sauti kuwa bai ƙaru da komai ba, ya ma ɗan ragu, domin injin ya sake zama ya yi nasa yankan a kan abin da aka riga aka yanka.

Wannan yanka na biyu shi ne tushen matsalar. Injin matsewa ba ya sanin cewa abin da aka ba shi an taɓa matse shi. Ƙananan tabon da matsewar farko ta bari, shi a wurinsa kiɗa ne, sai ya ɓata wuri yana adana su, ya kuma ƙara nasa a kai. MP3 da AAC (matsewar da yawanci ke cikin fayil ɗin m4a) da Opus kowanne da irin lissafinsa na abin da zai zubar, saboda haka idan ka bi da waƙa ta cikin biyu daga cikinsu, ta yi asara ta fuska biyu. Juyi ɗaya mai kyau, mutane da yawa ba za su ji bambanci ba. Amma waƙar da aka ɗora a Facebook, wani ya sauke, ya yanka ya sa a sitatus na WhatsApp, wani ya kwafe ya mayar MP3, wannan ta sha wuƙa sau uku ko huɗu, kuma ko kurma ya kusa ya gane.

Akwai kuma abin da ba ya rage sauti ko kaɗan, ko da yake mutane suna zarginsa. Kwafe fayil daga memori zuwa memori, turawa ta Xender, turawa ta Bluetooth daga waya zuwa waya, duk fayil ɗin yana isa yadda yake, ko an yi sau dubu. Wani direba ya taɓa ce min, "Malam, waƙar nan ta gaji da yawo, sa min sabuwa." Yawon tura-in-tura bai taɓa gajiyar da waƙa ba. Juyi ne yake gajiyar da ita.

Fara da gwada na'urar

Kafin ka juya komai, ka gwada ko na'urar tana karanta fayil ɗin yadda yake. Ni ina da memori guda da na ware, a ciki akwai waƙa ɗaya a siffa daban-daban: mp3, m4a, wav, flac, ogg, wma. Duk rediyo ko sifikar da aka kawo, shi nake fara zura mata. Wadda ta buga m4a, shi ke nan, an huta. Sau da yawa abin da aka rubuta a kwali bai yi daidai da abin da na'urar take yi ba, ta kowane ɓangare: wata an rubuta tana karanta flac amma ba ta yi, wata ba a rubuta ba amma tana yi. Idan kuwa a waya za a saurara, babu dalilin juyi sam. Ka sa VLC, kusan babu abin da ba ta buɗewa.

Kuma don Allah a daina canza wutsiyar suna. Goge m4a ka rubuta mp3 ba juyi ba ne, cikin fayil ɗin yana nan yadda yake. Waya tana iya bugawa saboda tana leƙa ciki, amma rediyon Baba za ta tsallake shi ko ta tsaya cak.

San abin da ke hannunka

Lambar da aka rubuta a jikin fayil ba shaida ba ce. Shafuka da manhajojin da ke cewa za su sauke maka waƙa daga YouTube a 320, su ma juyi suke yi. Sautin da YouTube ke bai wa mai kallo na yau da kullum AAC ne na kusan kilobit 128, ko Opus da bai cika wuce 160 ba. Daga nan suke ɗauka su hura shi ya zama 320. Haka duk waƙar da ka ji an shigar da muryar talla a tsakiyarta ana ambaton sunan shafin da ya ɗora ta, ka tabbata an buɗe ta an sake matsewa, domin babu yadda za a ɗora murya a kan kiɗa ba tare da haka ba.

Manhaja biyu nake amfani da su, duka kyauta ne. MediaInfo tana gaya maka ainihin irin matsewar da ke ciki, da kilobit nawa, da ko kunne ɗaya ne ko biyu. Spek kuma tana zana maka hoton sautin, ƙasa kauri, sama siriri. A hoton nan ƙarya take tonuwa. MP3 na 128 yawanci za ka ga an datse shi da miƙaƙƙen layi wajen kilohaz 16, sama da nan baƙi ƙirin. Na 192 yana kaiwa wajen 19, na 320 na gaskiya yana kaiwa wajen 20. To idan fayil ya ce shi 320 ne, hoto ya nuna datsewa a 16, ka san asalinsa.

Hoton ba alƙali ba ne a kowace shari'a. Opus yana kaiwa kilohaz 20 ko da an matse shi sosai, saboda haka abin da aka juyo daga gare shi yana iya yi maka kama da mai kyau. Tsohon kiɗan da aka ɗauka a kaset kuma dama can ba shi da saman nan, sai dai shi dusashewa yake yi a hankali, ba datsewa da layi ba. Amma a mafi yawan waƙoƙin da ke zuwa shagona, kallo ɗaya ya isa.

In babu kwamfuta, yi lissafi da ka. Raba lambar kilobit da 8, ka samu kilobait a sakan. 128 yana ba da 16, wato kusan megabait ɗaya a minti. Waƙar minti 6 da nauyinta bai kai megabait 3 ba, wajen 64 take ko ƙasa da haka, kada ka sa rai da ita.

Idan juyi ya zama dole

Ka nemi asali mafi kyau da za ka iya samu, ka juya sau ɗaya tak, daga shi kai tsaye zuwa abin da na'urar take ci. Idan kana da CD ko wav (sautin da ba a matse ba) ko flac, ka gode wa Allah. Flac matsewa ce da ba ta zubar da komai, tana rage nauyi zuwa wajen rabi ko sama da haka kaɗan, idan an buɗe ta kuma sautin yana dawowa daidai da na faifai. Juyi daga gare ta yanka ɗaya ne kawai. Ka ajiye asalin a kwamfuta ko a wani faifan ajiya, duk lokacin da aka zo da wata na'ura ka sake fitarwa daga shi, kada ka fitar daga kwafin da ka yi wa wani jiya.

Injin matse MP3 da na yarda da shi LAME ne. Shi ne a cikin manhajojin Audacity, da fre:ac, da ffmpeg, kuma foobar2000 ma da shi take aiki. Yana da hanya biyu da za ka fi haɗuwa da su. CBR tana ba kowane sakan kilobit iri ɗaya, ko shiru ake yi ko ana rugurguza ganguna. VBR tana ba wurin da ya yi wuya da yawa, ta rage wa wurin da ya yi sauƙi. A nauyi ɗaya VBR ta fi daɗin ji. Matakanta suna tafiya daga V0, mai kusan kilobit 245, zuwa ƙasa: V2 kusan 190, V4 kusan 165, V5 kusan 130. Ni V2 ce abincina. A Audacity ita ce aka rubuta Standard, 170 zuwa 210. A ffmpeg kuma, wadda ake rubuta wa umarni a kwamfuta, ga yadda ake rubutawa:

ffmpeg -i waka.flac -c:a libmp3lame -q:a 2 waka.mp3

Aibin VBR ɗaya ne. Wasu tsofaffin rediyoyin mota da ƙananan na'urori masu araha suna rikicewa da ita, su nuna tsawon waƙa ba daidai ba, ko idan ka matsa gaba su yi tsalle su faɗa wani wuri. Idan ka ga haka, koma CBR 192, ka cire -q:a 2 ka sa -b:a 192k.

Yanzu ga inda ake yawan gardama da ni. Idan asalin da kake da shi m4a ne na 128, a nawa za ka fitar da MP3? Yarona na shago da farko cewa yake, "Maigida, tunda 128 ne a bar shi a 128 mana." A'a. AAC, wanda ya fito a 1997, ya fi MP3 iya tattali, 128 ɗinsa ya fi 128 na MP3 riƙe sauti. In ka tilasta shi cikin MP3 na 128, yanka na biyu zai yi zurfi. Ka ba shi sarari, V2 ko 192. Ba don sautin ya ƙaru ba, sai don kada ya ƙara raguwa sosai. Daga nan zuwa 320 kuwa ɗan abin da za ka tsira da shi bai kai wurin da zai cinye ba, musamman a rediyo mai sifika ɗaya. Haka nake yi wa Opus. M4a na 256, irin wanda kantin iTunes ke sayarwa, shi nake ba V0 idan mai shi yana da iyafis mai kyau.

MP3 zuwa MP3 kuwa, dalili ɗaya ne na yarda da shi: wuri ya ƙare. Memori mai giga 8 yana ɗaukar wajen awa 55 a 320, amma ya haura awa 130 a 128. Direban da zai yi Kano zuwa Legas ya dawo, yana son tarin waƙoƙi, ga ƙarar inji ga iska, sauke masa 320 na gaskiya zuwa V5 ba laifi ba ne, muddin asalin yana ajiye. Amma waƙar da dama 128 ce, ka bar ta. Kada ka rage, kada ka ƙara, kada ka bi da ita ta cikin kowace manhajar juyi da sunan gyara. A ganina ma, yau da memori mai giga 16 ko 32 ya zama ruwan dare, sayen babba ya fi zaman rage waƙoƙi.

Bidiyo ma akwai dabara. Sautin da ke cikin mp4 kusan kullum AAC ne. Idan na'urar tana cin m4a, zare shi kawai za ka yi, ba tare da an taɓa shi ba:

ffmpeg -i bidiyo.mp4 -vn -c:a copy sauti.m4a

Kalmar copy ɗin nan ita ce sirrin. Za ka ga aikin ya ƙare cikin ƙiftawar ido, domin babu matsewar da aka yi. Manhajojin waya masu mayar da bidiyo MP3 yawancinsu suna zuwa a saite kan 128 ko ƙasa, don haka ka shiga saitinsu ka ɗaga kafin ka danna. Wadda ba ta ba ka damar zaɓen lamba ba, goge ta.

Lambar 44,100 ko 48,000 da za ka gani a saiti, bar ta yadda ta zo. Kiɗan faifai 44,100 ne, sautin bidiyo da Opus yawanci 48,000, kuma MP3 yana ɗaukar duka biyun. Ɗaga ta ba ya ƙara komai. Sauke ta zuwa 22,050 kuwa yana datse duk abin da ya haura kilohaz 11, sai murya ta toshe.

Karatu da wa'azi

Murya ɗaya ba ta bukatar abin da kiɗa ke bukata. Tafsirin da aka ɗauka da makirfo ɗaya a masallaci, kunne ɗaya ne ko da fayil ɗin ya ce biyu. Ka fitar da shi mono a 64, ya wadatar, kuma memori mai giga 8 zai ɗauki sama da awa 260:

ffmpeg -i tafsir.m4a -ac 1 -c:a libmp3lame -b:a 64k tafsir.mp3

Saƙon murya na WhatsApp Opus ne da aka matse ƙwarai, kuma ƙananan rediyoyi ba sa karanta shi. Shi ma wannan layin nake bi da shi. Opus gwani ne a ƙaramar lamba, MP3 kuwa ba haka ba, don haka kada ka ga asalin ƙarami ne ka ce za ka fitar a 24 ko 32.

Karatun Alƙur'ani ba na sauke shi ƙasa da 96 a mono in dai asalin mai kyau ne, 128 in sitiriyo ne. Dalilina haruffan safir ne, sadun da sinun da zayun. Shewar da ke bambanta su tana zaune a saman sauti, wurin da matsewa take fara ci. Idan aka matse da yawa, sinun da shinun sai su fara kama da juna, ga amsa-kuwwar da ake sa wa wasu ƙira'o'i ta koma ruwa-ruwa. Mai saurare don jin daɗi zai iya haƙura. Yaron da ke hadda yana kwaikwayon abin da kunnensa ya ji, bai kamata a ba shi gurɓatacce ba. Izu sittin gaba ɗaya a wannan lambar ba ya cika ko memori mai giga 4, to rowar ta mece ce?

Ƙara murya da yanka

"Ɗana, ƙara mata murya, ba na ji sosai." Kusan kowane dattijo sai ya faɗi wannan. Hanyar da aka saba ita ce a buɗe fayil a Audacity, a ɗaga, a sake fitarwa. An yi ɓarna biyu ke nan: an sake matsewa, kuma in an wuce iyaka, kan sautin ya gutsure, sifika ta riƙa farfashewa duk lokacin da mai magana ya ɗaga murya. Ga MP3 akwai hanya mafi tsabta. Manhajar MP3Gain tana canza wata 'yar lamba ce kawai da ke cikin kowane gutsuren fayil, mai gaya wa na'ura ƙarfin da za ta buga, mataki-mataki na desibel 1.5 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti). Ba ta buɗe sautin ba balle ta sake matse shi, kowace rediyo tana bin umarnin, kuma kana iya mayarwa yadda yake. Tana zuwa a saite kan 89. Ga ƙaramar rediyo nakan ɗaga zuwa 92, ina kallon layin da take nuna alamar gutsurewa. In ta nuna, na sauko. Babban amfaninta a wurina shi ne daidaita memori gaba ɗaya, don kada wata waƙa ta zo a hankali, ta bayanta ta firgita fasinja.

Idan kuma juyi kake yi daga m4a ko Opus na waƙoƙin zamani, waɗanda tun daga situdiyo an cika su maƙil, rage desibel ɗaya kafin ka fitar. A ffmpeg ƙara -af volume=-1dB. Matsewa takan sa kan sauti ya ɗan haura inda yake, wannan ɗan sararin yana hana fashewa.

Yanka ma haka. MP3 jerin ƙananan gutsattsari ne, kowanne kusan kashi 26 cikin dubu na sakan, ana iya rabawa a tsakaninsu ba tare da an taɓa cikinsu ba. mp3DirectCut aikinta ke nan. Da ita nake cire tallan farkon waƙa, da ita nake raba wa'azin awa 3 gida shida, saboda rediyoyi da yawa in an kashe su ba sa tuna inda aka tsaya.

Kaset ɗin da aka kawo a mayar memori, ka ɗauke shi a wav tukuna, ka yi duk gyaran da za ka yi a nan, sannan ka matse sau ɗaya a ƙarshe. Kada ka raina shi ka ba shi 64 don ya tsufa. Shuuu ɗin kaset yana cin wuri sosai a wajen injin matsewa, in ka ƙuntata masa sai shuuu ɗin ya koma wani ƙyal-ƙyal da ya fi na asali ban haushi. V2 ko mono 128, kuma wav ɗin a adana shi, domin kaset ɗin ba lallai ya sake juyawa ba.

Gwada da kunnenka

Ba kowane kiɗa ne yake tona asirin matsewa ba. Garaya ko gurmi da murya ɗaya suna wucewa lafiya ko a 128. Masu wahala su ne sautuka masu kaifi da masu watsuwa: bugun kalangu, kuge, kacau-kacau, tafin mata a waƙar biki, da shewar s da sh da ts a bakin mawaƙi. Ka sa iyafis, ka nemi wurin da ake tafi. In an matse da yawa, tafin ba ya fita ɗaya-ɗaya, yana cakuɗewa. A bugun kalangu kuma za ka ji wata 'yar iska tana riga bugun fitowa, kaifinsa ya dakushe.

Sai dai zuciya tana yaudarar kunne. In ka san wanne ne 320, shi za ka ji ya fi daɗi. In ɗaya ya ɗan fi ƙarfi, shi ma za ka ce ya fi. Don haka ka daidaita ƙarfinsu, ka ba wani ya riƙa kunna maka ba tare da ka ga wanda ya taɓa ba. A foobar2000 akwai ƙarin da ake kira ABX Comparator mai yin wannan aikin: ta ba ka A da B, ta ɓoye ɗaya a matsayin X, ka faɗi wanne ne. Yi sau 16. In ka ci 8 ko 9, canki-canka ka yi. In ka ci 13 ko fiye, kunnenka ya ji da gaske. Samari masu rantsuwa da 320 da na zaunar a gaban wannan gwaji, tsakanin V2 da asali, yawancinsu dariya suke yi su cire iyafis ɗin.

Na'urar da memorin

Rediyo mai sifika ɗaya da bai fi murfin kofi ba, ba za ta nuna maka bambancin 128 mai kyau da 320 ba. Iyafis mai kyau ya fi kowace lamba tasiri, haka rage bes ɗin da ake cikawa har kwalin sifika yana rawa. Sauraro ta Bluetooth kuma wani juyin ne da ba a gani: waya tana buɗe waƙar ta sake matse ta, yawanci da tsarin SBC, kafin ta aika wa sifika. Waƙa mai kyau tana jure wannan, wadda ta riga ta sha wuya a nan take ƙarasa lalacewa. In sifikar tana da ramin memori ko na filashi, zura a can kai tsaye. In za ka aika wa wani fayil ta WhatsApp kuma, aika shi a matsayin Document, zai isa yadda yake.

Sau da yawa abin da ake kawo min da sunan lalacewar sauti, memori ne. Waƙa tana tsalle, tana ƙit-ƙit, ko ta yanke a tsakiya ta faɗa wata: wannan ba aikin matsewa ba ne. Jabun memori da aka rubuta wa giga 32 alhali cikinsa bai kai haka ba, yana karɓar fayiloli kamar gaske, sai waɗanda suka wuce ainihin cikinsa su lalace. Manhajar H2testw tana cika shi ta karanta, ta gaya maka gaskiyar girmansa. Ka yi wannan kafin ka zuba aikin wuni guda a ciki. Memori har zuwa giga 32 yana zuwa da tsarin FAT32, wanda kusan kowace rediyo ta sani. Daga 64 zuwa sama exFAT ne, kuma ƙananan na'urori da yawa ba sa ganinsa sai an sake fomatin zuwa FAT32.

Sunayen fayil ka rubuta su da baƙaƙe marasa lanƙwasa, k a maimakon ƙ, d a maimakon ɗ, domin ƙananan allunan nan akwatuna suke nunawa a wurinsu. Hoton da ake liƙa wa waƙa in ya yi girma yana sa wasu na'urori jinkiri ko tsallake ta. Mp3tag tana cire shi ba tare da ta taɓa sautin ba. Surori kuma ka sa musu lamba mai gida uku, 001 zuwa 114. Duk da haka rediyoyi da yawa ba sa bin suna, suna bin jerin yadda fayiloli suka shiga memorin ne. Don haka ka yi fomatin, ka jera su da suna a kwamfuta, ka kwafa su a jere, sannan ka zura a rediyon ka danna gaba sau biyar ko shida a gaban mai ita, ka tabbata bayan Fatiha Baƙara ce ta biyo.